Wa Zai Ba Mai Gammo Baki?

Yaya Isufu,

Gaisuwa da kewa, daga ƙanenka Lawali. Na san ba za ka karanta wannan ba. Ko da ranka ma ba ka son karatu, sai dai a karanta maka kana gyara wa mutum zance. Amma cikina ya cika, kuma ba ni da wanda zan gaya wa.

Bana ma ruwa ya ɗauke, hatsi bai kai gwiwa ba. Gidaje da yawa a Korgom an sa musu ƙaya a ƙofa, masu su sun yi kudu. Inna tana nan, sai ciwon ƙafa. Rabi matarka ta fita takaba, yaranka suna wurina. Ƙaramin ya ɗauko tafiyarka sak, kafaɗa a sama kamar shi ya haifi gari.

Mutanen gwamnati sun maido mana majigin da suka ƙwace. Sun ce in ci gaba da nuna silima ranar kasuwa, amma kada kowa ya ƙara tsayawa gefen farin zane yana fassara. Na gwada a Mayahi. Yaya, abin kunya! Baƙaƙen Amirka na cikin fim suna ta Faransancin da aka ɗora musu, mutane sun yi tsuru-tsuru, kafin a kai rabi tabarmi sun watse. Wani tsoho ya tsare ni yana tambaya ko su ma mutanen cikin zanen yunwar ce ta kama musu baki.

Ka tuna ranar da muka fara kawo finafinan nan a amalanke? Kafin nan baƙin mutum a silima ɗan dako ne, ko shi za a fara harbewa. Sai ga namu da gashi buzu-buzu da doguwar rigar fata, yana cin kwalar azzalumi, kuma har fim ya ƙare yana raye. Mutane suka miƙe tsaye. Kai kuwa ka buɗe baki, ka ba kowa suna. Matar nan mai bindiga ka ce mata Mai Gammo, saboda gashinta. Mugun attajirin fim ka mai da shi mai ɓoye hatsi.

Akwai abin da ban taɓa gaya maka ba. Ni da na yi lakwal, makarantar boko, ina jin abin da suke faɗi, na san rabin fassararka kai ka ƙera ta. Ina bayan inji ina toshe baki don dariya. Amma wallahi taka ta fi tasu daɗi, kuma ban taɓa alfahari da wani mahaluki kamar yadda na yi da kai ba. Me ya hana ni faɗa maka? Ina ganin kai ma za ka ce na cika sanyin jiki.

Ka san abin da ya biyo baya. Matan Korgom suka tsaya a layin rabon dawa, suka ƙi karɓar tiyar da ba a cika ba, suna kiran junansu Mai Gammo. Aka cika musu. Kai kuma masu kaki suka zo suka tafi da kai, ka dawo da tarin da bai bar ka ba. Har yau idan na tuna raina ɓaci yake. Sai dai sunan bai mutu ba. Yarinya ta ƙi raini a bakin rijiya, sai ka ji an ce ga Mai Gammo nan. Waɗansunsu ko fim ɗin ba su taɓa gani ba.

To ga dalilin wasiƙar. Kasuwar Korgom mai zuwa zan tsaya inda kake tsayawa, in yi magana. Inna ta yi kuka, ta ce ɗaya ya ishe ta. Ta yi gaskiya, kuma tsoro nake ji, ba zan ɓoye maka ba. Idan suka ɗauke ni, wa zai ci da yaranka da nawa? Na juya maganar nan har na gaji. Amma in na yi shiru, me ka mutu a kai? Muryata ba ta kai taka ba, ba ni da barkwancinka, in na ga taro harshena nauyi yake. Duk da haka zan yi.

Saura inji, don mutum ɗaya ba ya fassara yana juya fim. Ban roƙi kowa ba. Rabi ce ta same ni ina goge gilashi, ta ce in koya mata. Na ce mutane za su yi surutu, ta ce su yi. Yanzu ta iya ɗaura fim, ta iya haɗa shi in ya tsinke, hannunta ya fi nawa sauri. Mun gama magana da ita: ko sun janye ni daga gefen zane, ba za ta kashe inji ba sai fim ya ƙare.

Allah ya jiƙanka, ya sa ka huta, ya haskaka makwancinka.

Ƙanenka na bayan inji,
Lawali