Ɗana Ya Ɗage Shiga Uni Zai Tafi Wajen Uban Da Ya Watsar Da Mu

Assalamu alaikum jama'ar wannan gida. Admin a sakaya sunana, masu sanina a nan suna da yawa. Don Allah ku ba ni shawara, yadda zuciyata ke tafasa in na yanke hukunci ni kaɗai ɓarna zan yi.

A unguwar Gorton muke zaune ni da ɗana, shi kaɗai Allah Ya ba ni. Ubansa ne ya kawo ni Manchester da ya zo karatu, da ya gama ya ce zai leƙa Kano ya dawo, yaron yana primary lokacin, sai saki na ji ta waya. Tun daga nan ni ce uwa ni ce uba, aikin care nake yi, ɗaga tsofaffi da yi musu wanka har bayana ya lalace, GP, wato likitata, ta sha cewa in rage, ban rage ba.

Bana yaron ya ci jarrabawar A-level, ya samu admission a wata uni a Birmingham, pharmacy. Har waina na yi na raba a masallaci. Aminiyata da ke Aston, can Birmingham ɗin, ta samo masa ɗaki kusa da ita, muka hau train muka je gani. Ina ta auna taga saboda labule, shi yana tsaye bakin ƙofa kamar wanda aka aiko. Ta tambaye shi yaushe zai tare, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Anti, na riga na yi defer, sai baɗi." A gaban landlord mai ba da hayar ɗakin fa! Wallahi da ƙasa ta tsage da na shige.

A hanyar dawowa ya faɗa min sauran, wai gap year, hutun karatu na shekara ɗaya, zai yi a Kano wajen ubansa. Ashe sun jima suna waya ban sani ba. Mutumin da bai san sunan makarantar yaron ba, bai san sau nawa asma ta kai mu asibiti ba, yau da abu ya nuna shi ne mai cewa a turo masa ɗa. Na kira shi, ko kunya babu ya ce ɗansa ne, kuma na cika maƙale masa. Abin da na mayar masa ba zai rubutu a nan ba.

Na yi wa yaron tas, na ce ya ci amanata. Bai ɗaga murya ba, da gurguwar Hausarsa ya ce, "Mummy, ba gudunki nake ba. Kakata ta tsufa, a video call kawai na san ta. Kuma ina so in zauna gaban mutumin nan in tambaye shi me ya sa ya tafi." Duk da haka haushin bai tafi ba. Me ya hana shi faɗa min kafin ya yi? Kuma na ga yaran da suka ce shekara ɗaya, har yau ba su koma aji ba. In dangin uban suka zuga shi ya zauna can fa?

Fasfo ɗinsa yana hannuna. Aminiyata ta ce in ɓoye, yayana ya ce in na hana shi ba zai taɓa yafe min ba. Yau da safe yaron ya tambaye ni fasfo ɗin, na ce ban san inda na ajiye ba. Ya daɗe yana kallona, ya san ƙarya nake yi, sai ya ce, "To Mummy, in kin gani ki faɗa min," ya fita.

Iyaye mata, musamman masu rainon yara su kaɗai a ƙasar nan, ku faɗa min gaskiya ko da ba za ta yi min daɗi ba. In miƙa masa da hannuna ya tafi wajen mutumin nan, ko in riƙe ya zauna yana kallona a matsayin maƙaryaciya?