Matar Ƙadangare a Kan Gada

Daga masaukinmu na kan dutse, ranar Talata.

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya ke da maigidanki da yara, naki da nawa da na jibge miki. Yaya ƙafar Inna? Ki ce mata in ta sake tsugunawa wanki zan ji labari, ina da 'yan rahoto a gidan. Mu dai mun iso lafiya, sai godiyar Allah.

Yaya, gani ya kori ji. Hanyar garin nan nannaɗe take a jikin dutse, mota ta juya dama ta juya hagu har kunnena ya toshe. Gidajen kuwa wani a kan wani, bakin ƙofar maƙwabcinka daidai rufin ɗakinka. Babu titin da ke kwance, ko hawa kake ko gangara. Da safe gajimare ya shigo mana ta taga kamar an gayyace shi, ya jiƙa mini mayafin da na rataye. Sanyi kuma ba a magana, da bargo biyu na kwana ina kiran sunan Allah.

Ranar da na kawo yara kin ja ni gefe kin tambaye ni abin da ya kai mu yawon buɗe ido a dutse, mu da ko bikin dangi sai an yi mana tuni. Na ce miki iska nake so in sha. Ba ƙarya na yi ba, amma ban faɗa miki duka ba saboda yara na tsaye.

Kin san tun faɗowar da Abban yara ya yi daga falwaya bara, ƙashi ya ɗinke, likita ya sallame shi, yana tafiya garau. Abin da ba ki sani ba shi ne, ko kujera ba ya iya takawa. Mutumin da abokan aikinsa na wutar lantarki ke kira Ƙadangare saboda hawa, yau in ƙwan fitila ya mutu a gidansa ni ke hawa tebur in canja, shi kuma ya riƙe mini tebur ɗin yana kallon ƙasa. An ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Na yi haƙuri da tsumman nan har na gaji.

Yanzu wurin aiki sun ba shi zaɓi. In hutun da suka ba shi ya ƙare, ko ya koma cikin ayarinsa na masu hawa, ko a ajiye shi a sito yana miƙa wa mutane waya da safar hannu har ya yi ritaya. Ya ce mini sito zai zaɓa. Da ya faɗa bai kalle ni ba, yatsun ƙafarsa yake kallo. Ni na san mijina, Yaya. In ya zauna a ɗakin nan yana ganin yaran da ya koya wa aiki suna fita da tsani, ba zai mutu ba, amma wanda zai riƙa dawo mini gida ba shi ba ne.

Shi ya sa na ƙulla tafiyar nan. Na ce bari in kawo shi inda komai bisa ne, ko idonsa ya sake sabawa. Kin san ƙanwarki ba ta san tsoro ba, ni ce fa na bi ɓarawon nan da muciya har bakin titi.

Zuwa yanzu dai ban ci riba ba. A mota ya zauna nesa da taga ya rufe ido tun daga gindin dutse. Ɗakinmu na da baranda mai kallon kwari, ko labulenta bai taɓa ba. Amma jiya a kasuwa na kama shi ya ɗaga kai yana bin wayoyin titi da ido, yana gunaguni wai wane mara tsoron Allah ne ya yi wannan haɗin. Na yi kamar ban ji ba, amma raina ya yi fari.

Gobe ja-gora zai kai mu wata gada mai lilo da kowa ke zuwa gani. Ki taya ni da addu'a. Ki gaishe da Inna da maigidanki, ki shafa mini kan yara, ki hana ƙaramin nawa, Sarkin Kuka, shan ruwan sanyi.

Taki har kullum,
Auta.

*

Ranar Alhamis.

Yayata ta kaina,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fata kowa lafiya, kuma yara ba su tayar miki da hawan jini ba. Ki nemi wuri ki zauna kafin ki karanta wannan, kuma in za ki yi dariya ki shiga ɗaki, kada yarana su ji. Reshe ya juye da mujiya.

Jiya muka je gadar. Mu kaɗan ne a motar: mu biyu, da wani tsohon malamin makaranta mai ɗaukar hoton duk abin da ya gani, da matarsa mai yawan ba da shawara, sai ja-gora. Gadar katako ce aka jera a kan igiyoyin ƙarfe, faɗinta bai wuce na mutum ɗaya ba, ta tashi daga wannan dutse zuwa wancan. Lokacin da muka isa gajimare ya cika kwazazzabon da ke ƙarƙashinta, fari fat, ba ka ganin komai.

Abban yara ya hango ta daga nesa ya nemi benci ya zauna, ya ce zai tsare mana jakunkuna. Raina ya ɓaci. Na ce masa ga tsofaffi nan za su haye, shi da ya shekara da shekaru a sama yana gadin jaka. Na faɗa da ƙarfi yadda kowa zai ji, don kunya ta tashe shi. Su malam suka bi ja-gora suka haye. Sai na gyara mayafi na taka gadar nan da rangwaɗa, in nuna masa yadda ake yi.

Abin da ban lissafa ba, Yaya, shi ne duk rayuwata ban taɓa hawa abin da ya fi teburin falo ba, in ka cire benen asibiti, shi ma a tsakiyar matakala nake bi. A garinmu na shimfiɗe aka haife ni, a gidan ƙasa na yi aure. Ashe ban san ko ina tsoron bisa ba, don ban taɓa zuwa can ba.

Na kusa tsakiya sai iska ta taso ta yaye gajimaren. Na duba ta tsakanin katakai, na hango kogi can ƙasa kamar zaren ɗinki, da wasu tsuntsaye suna shawagi a ƙarƙashin ƙafata. A ƙarƙashin ƙafata fa! Na durƙushe na rungume igiyar ƙarfe da hannu biyu, na runtse ido, na fara salati da duk wata addu'a da na sani, har da ta shiga kasuwa.

Ja-gora da ya riga ya haye ya dawo da gudu, gudun nasa ya sa gadar ta ƙara lilo, na ƙwala ihu. Ya kama hannuna zai ja, na kusa cizonsa. Matar malam tana daga can tana ɗaga murya wai in tashi in ruga kawai, wai in yi tunanin abu mai daɗi. Da ina da hannun da ba ya riƙe da komai da na jefe ta da takalmi. Na riga na sallama cewa a nan za a zo a same ni.

Sai na ji wata murya daga bayana, muryar da rabona da ita tun kafin faɗuwar, wadda Abban yara yake yi wa yaran ayarinsa magana da ita a bakin aiki. Ya ce wa ja-gora ya sake ni ya koma inda ya fito a hankali, kowa ya sauka daga gadar, kuma kowa ya yi shiru. Har matar malam ta yi shiru. Daga nan na ji katakai suna motsi kaɗan-kaɗan, a tsaya, a sake motsi. Ya daɗe kafin ya iso, ko kuma ni ce na ga daɗewar.

Bai ce mini kada in ji tsoro ba. Ya durƙusa a bayana ya zare mayafina, ya ɗaure ƙuguna da shi ya haɗa da bel ɗin wandonsa, ya ce yanzu ko na so faɗuwa ba zan iya ba. Sannan ya koya mini abin da suke koya wa sabon ma'aikaci ranar farko. Kada in kalli ƙasa, kada in kalli sama, in kalli hannuna kawai. Gaɓoɓi huɗu Allah ya ba ni, uku su riƙe, ɗaya ta motsa. Kuma kafin in motsa kowace, in kira sunanta da baki.

Ya ɗora hannunsa a kan nawa don ya ɓamɓare yatsuna daga igiyar. Hannun nan sanyi ƙalau, numfashinsa a wuyana kamar wanda ya yi tsere. A nan na gane irin abin da mutumin nan ya shekara yana ɗauke da shi, ni kuma ina yi masa gori a gaban baƙi. Hawaye suka zo mini, ba na tsoro kaɗai ba.

Da na miƙe, sai na ce mu koma baya, can ya fi kusa. Ya ce a'a, gaba za mu.

Haka muka tafi. Hannun dama. Ƙafar hagu. Hannun hagu. Ƙafar dama. Ni ina faɗa shi yana faɗa, har na rasa wa ke bi wa. Ban ga kogi ba, ban ga dutse ba, duk kuɗin motar da muka biya zoben hannuna kawai na kalla. Sai ji na yi ƙafata ta taka ƙasa mai tauri.

Malam ya yi ta tafi har ya manta da hoto. Abban yara ya kwance mayafin, ya zagaya bayan wani dutse ya amayar da karin kumallonsa tas, ya dawo yana share baki yana dariya, dariya har da riƙe ciki. Wai mayafin nan ko kyanwa ba zai riƙe ba, ya ɗaura ne don hankalina ya kwanta. Na ce Allah ya isa, na fashe da dariya ni ma ina kuka.

Ga ƙarshen labarin. Akwai hanyar mota da ke zagayowa ta ƙasa, ni da matar malam muka ce ita za mu bi ko za a kwana ana tafiya. Shi kuwa ya ce ai ya bar jakunkuna a benci, ba zai bar kayan mutane ba. Ina tsaye ina kallo ya juya ya sake hawa gadar nan shi kaɗai, a hankali, bakinsa na motsi, har ya ƙanƙance a idona ya isa wancan gefen. Ya ɗaga mini jakata sama.

Ban yi masa maganar aiki ba, kuma ba zan yi ba. Bakina ya ja mini abin da ya ishe ni. Ki gaishe da kowa da kowa, amma Inna kada ta ji zancen gada.

Ƙanwarki da ta sha da ƙyar,
Auta.

*

Daga gida, ranar Litinin.

Yaya,

Ina gaishe ki, ina gaida maigidanki da Inna da yara. Na ji saƙonki cewa su ƙara kwana biyu a wurinki, Allah ya saka da alheri, amma kada ki kuka da ni in sun cinye miki gida. Mun dawo lafiya, zafin garinmu ya karɓe mu hannu bibbiyu.

Duk hanya bai ce komai game da aiki ba, ni ma na kama bakina. Yau da safe ya sha shayi, ya sa kayan aiki ya fita, bai ce sito ba, bai ce falwaya ba. Na kasa zama. Na san ayarinsu na gyara a layin bayan kasuwa, sai na ɗauki wani yadi na tafi shagon tela da ke kallon wurin, wai na kawo ɗinki. Tela na tambayata irin wuyan da nake so, ni idona na waje.

Ga shi nan a gindin falwaya, da hular kwano da bel ɗin aiki, abokansa sun kewaye shi. Aka jingina tsani. Ya kama ya fara hawa. Da ya kai rabi sai ya tsaya. Ya tsaya, Yaya, har wanda ke riƙe da tsani ya ɗaga kai, har direbansu ya kashe mota. Ni kuwa na damƙe yadin nan har tela ya ce zan yaga shi. Sai na ga hannun dama ya saki ya kama sama. Ƙafar hagu ta bi. Bai sake tsayawa ba sai da ya kai ƙarshe, ya zagaya bel ɗinsa ya ɗaure, ya jingina baya a kan iska kamar mai hutawa a kujera, ya leƙo ƙasa ya daka wa wani tsawa wai ina filaya.

Suka ɓarke da ihu suna kiran Ƙadangare, har masu shaguna suka fito. Ni ma na fito tsakiyar titi ina gaya wa mutanen da ban sani ba cewa mijina ne wancan.

Sai dai in faɗa miki gaskiya, wani abu ya canja. Shekara da shekaru yana fita ina yi masa a dawo lafiya ina ci gaba da shara, don ban san inda yake zuwa ba. Yanzu na sani, na ga tsuntsaye ta ƙarƙashin ƙafata. Daga yau duk safiyar da ya fita gabana zai faɗi, kuma ni na jawo da hannuna. Na yarda, na ɗauka. Shi ya ɗauki tsoron nan shekara guda shi kaɗai, yanzu ya bar mini shi in riƙe masa a gida, shi ya je ya yi aikinsa.

Ki ce wa yara Abbansu ya koma hawa sama. Allah ya bar zumunci, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Taki,
Auta, matar Ƙadangare.