Zauren da Na Rufe da Siminti

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga mahaifina, maginin Batsari. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga uba, ina roƙon Allah ya sa kana cikin ni'ima, ya yalwata maka makwanci.

Baba, zauren ya faɗi. Ranar Talata ne da hantsi, bayan ruwan kwana biyu da bai ɗauke ba. Babu wanda ya ji ko ƙwarzane, alhamdu lillahi. Na ce bari in fara da wannan, don ka san halina da kewaye-kewaye, in na bari sai in kai ƙarshen takarda ban faɗa ba.

Kusan shekara arba'in muka yi gida ɗaya, ban taɓa yi maka magana mai tsawon wannan ba. Ni ne ɗan fari, saboda haka ba ka taɓa kama sunana ba, ba ka taɓa dubana ido cikin ido ba. In za ka aike ni, ina tsaye a gabanka za ka juya wa bango ka ce, "A gaya wa yaron nan ya kai jaki rafi." Inna kuwa kunyarta ta fi taka. Sai ƙanwarka, Gwaggo Hajo ta Runka, ta zama gidan wayarmu: kai ka ba ta saƙo, ita ta kawo mani, ta ƙara nata gishirin a hanya.

Amma hannunka na san shi tun ban san karatu ba. An ce azara ce ta datse maka kan yatsan tsakiya a wani gini a Yasore, kafin a haife ni. In ka gama yaɓe, ƙasa da sauran danshi, sai ka ja yatsu uku ka kewaye bakin ƙofa da zane. Layin tsakiya kullum a baya yake farawa, kuma ba ya kai 'yan'uwansa zurfi. Duk garin da na shiga a ƙasar nan, da na ga wannan gajeren layi na san ka ci tuwo a gidan.

Ka tuna kyamarar nan? Shekarar da aka sami mulkin kai, ina kwalejin horon malamai a Katsina, wani malaminmu Bature da zai koma gida ya bar mani ita. Irin wadda ake ratayawa a wuya ce, a leƙa ta sama. Da na zo da ita hutu ka dube ta sau ɗaya, ka ce wa Gwaggo, "Abin da yake cin haske ya yi kashin takarda, Allah ya sa alheri ne." Ban yi dariya a gabanka ba, sai da na shiga ɗaki.

Da aka turo ni koyarwa Safana, sai yawo ya zama mani sana'a ta biyu. Kullum bayan la'asar in rataya kyamarar, in bi lungu-lungu ba tare da na nufi ko'ina ba. In na zo gida Batsari ma haka, daga bakin kasuwa in faɗa unguwar maƙera, in ɓulla ta tasha. Ba mutane nake ɗauka ba, gine-gine nake ɗauka. Wata tsohuwa mai fura a Safana ta gaji da ganina, ta ce, "Malam, ga mutane ka bari kana ta rusuna wa bango, surukinka ne?"

To, wane bango nake ɗauka, Baba? Wannan ita ce tambayar da ta hana ni sukuni tun ranar Talata. Na zazzage akwatin hotunan a kan tabarma, na bi su ɗaya bayan ɗaya. Ga sabuwar kotu da rufin kwanonta yana ƙyalli. Ga ɗakin shan magani, ga tankin ruwa, ga gidan mai na farko da aka buɗe a bakin hanya. Ga gidan wani alhaji mai tagogin gilashi, shi har sau huɗu na ɗauke shi, kamar zai gudu. Ginin ƙasa mai zane kuwa, ko ɗaya babu. Wallahi ko ɗaya.

Ba don ban gan su ba ne. Sau nawa na tsaya gaban wani soro naka, na leƙa ta cikin gilashin, na ga zankwaye sun tsaya cak a kan sararin sama, inuwar yamma ta cika zanen har layukan nan uku suka fito raɗau. Yatsana yana kan maɓalli, sai in tuna fim ɗin hoto goma sha biyu kaɗai yake ci, kuma sai an kai Katsina a wanke. Sai in sauke ta in ce, ai wannan kullum yana nan. Wai ni ɗan boko, mai sanin abin da ya dace a adana.

Daga baya kuɗin mai suka shigo, siminti ya biyo su a bayan manyan motoci. Kowa ya sami abin hannu sai ya ga ginin ƙasa ya zame masa abin kunya. Aka rushe soron mai unguwa a Runka, wanda ka yi rani biyu a kansa. Aka rushe zauren malamin allo na Darini. A Safana ina ji ina gani aka sa diga a wata ƙofa taka, kuma na dawo bayan wata uku na ɗauki hoton shagunan da aka jera a wurin. Wannan hoton yana nan, ya fito da kyau ƙwarai, abin takaici.

Aiki ya daina zuwa maka. Birkiloli suka cika gari da cokali da igiya, kai kuma kana zaune a kan buzu kana jan tasbaha. Ban taɓa jin ka yi ƙorafi ba. Iyakarta in ruwa ya sauko a kan rufin maƙwabta ka ce, "Kwano dai akwai surutu."

Zaurenmu ne kaɗai ya rage. Shi kuwa ba ka yarda ya tsufa ba. Kowace shekara kafin ruwan fari za ka jiƙa makuba, ka kwaɓa ƙasa da ƙafarka, ka hau tsani ka sabunta yaɓen, ka gyara bakin indararo, sannan ka sake jan yatsun nan uku a kan tsohon zanen. Gidan duk sai ya ɗauki warin makuba har kwana uku, Inna tana mita tana toshe hanci.

Ina so ka san dalilina, Baba, ko da ba zai wanke ni ba. Shekarar da ƙafarka ta zame daga matakala ta uku, ina tsaye. Na ga yadda ka tashi kana kakkaɓe riga kana waige-waige ko wani ya gani, na ga kuma yadda ka yi mako biyu kana sallah a zaune. Tsoro ya kama ni. Na ce a raina dattijon nan ba zai sake hawa tsani ba ina raye. Amma kada in yi maka ƙarya, akwai son a sani a ciki. Ina so a wuce a ce ga gidan su Malam, shi ma ya shiga zamani.

Da aka yi mana ƙarin albashi, lokacin an dawo da ni koyarwa Batsari, sai na ɗauko birkila daga Dutsin-Ma, aka sauke buhunan siminti a ƙofar gida, unguwa ta taru tana kallo. Washegari sai ga Gwaggo, ko mayafi ba ta ajiye ba ta ce, "Babanka ya ce a gaya ma yaron ga, bangon ƙasa numfashi yake yi. In aka toshe mashi hanci, ta ciki zai ruɓe." Ni kuwa na gyara tsayuwa kamar ina gaban 'yan aji uku, na yi mata bayanin yadda siminti yake hana ruwa shiga. Har da dariyata. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "To, Malam, mu dai jakadu ne."

Da ƙanena Sani ne ya zo da wannan shawara, da tsawa ɗaya za ka yi mashi a wuce wurin. Ni ne ba ka iya yi wa tsawa. Saƙo ɗaya ka aiko, na mayar da shi, kunya ta hana ka aiko na biyu. Na san da haka sarai, kuma da shi na yi amfani. Wannan ne ya fi ci mani rai.

Ranar aikin, da sassafe ka naɗe buzunka ka tafi masallaci, ba ka dawo ba sai bayan la'asar. Birkila ya bi bangon yana kafa ƙusoshi don simintin ya kama, wasu a tsakiyar zanen. Ina tsaye, kyamara a wuyana, saura hoto biyu a fim ɗin. Rana ta fito ta haske ƙofar, layukan nan uku suna kallona. Na ce bari in adana biyun nan sai an gama, lokacin zai fi kyau. Innalillahi, Baba, taku biyar ne tsakanina da bangon.

Hoton da na ɗauka bayan an gama yana gabana yanzu. Bango ne sumul, toka-toka, ba ka bambanta shi da na kowa. Bakin ƙofar ya fito baƙi ƙirin. Sai jiya, da na kai shi bakin taga, na lura da wani abu a cikin duhun, can ƙasa: ƙafafunka ne biyu a kan buzu. Kana zaune a ciki ashe. Duk duniya wannan ne kaɗai hotonka da nake da shi.

Ba ka sake hawa tsani ba, wannan kam na samu. Amma kowace shekara in hadari ya fara haɗuwa, sai in gan ka ka fita kana ƙwanƙwasa bangon da bayan yatsa, kana kara kunne. Shekarar farko sautin a cike yake. A ta uku ni kaina daga cikin gida na ji ya koma kamar ana buga busasshiyar ƙwarya. Ka shigo ka wuce ni, ka ɗauki buta. Ni kuwa na sunkuyar da kai ina gyaran littattafan yara.

A ciwonka na ƙarshe ina zaune a bakin ƙofar ɗakinka, Gwaggo tana yi maka fifita. Na zaci ko yau za ka kira ni. Sai ka juya wajenta ka ce, "A ce wa yaron nan, in ana ruwa kada kowa ya zauna a zaure." Shi ne saƙonka na ƙarshe gare ni. Wannan karon ban yi wa kowa bayani ba, na bi shi kawai. Damina biyu ke nan da an fara yayyafi nake korar kowa daga zauren zuwa cikin gida, maƙwabta har suna cewa Malam ya fara taɓuwa. Ranar Talata jikokinka huɗu suna wasan 'yar carafke a wurin, na kore su suna ƙunƙuni, ba a yi rabin sa'a ba muka ji rugugi.

Yadda ka faɗa haka aka yi. Simintin ya zubo falle-falle, abin da ke bayansa kuwa ba bango ba ne, kunu ne. Ruwa ya daɗe yana bi ta tsagar sama yana shiga, ya rasa ta inda zai fita. Tubalan sun narke, gara ta cinye kan azara. Shekara da shekaru muna wucewa ta ƙarƙashin ɓawo.

Gwaggo ta zo jaje daga Runka, ta tsufa sosai yanzu, sai da aka riƙo ta daga mota. Ta zauna a kan turmi ta daɗe tana kallon tarin ƙasar. Sannan ta ce, "Ka san shekarar da aka haife ka ya gina shi? Ranar sunanka bai zauna cikin mutane ba, yana bisa bangon ga. Bai iya ɗaukarka gaban jama'a ba, sai ya yi maka ƙofa." Haba Baba. Don me ba wanda ya gaya mani? Ko an gaya mani, da zan ji?

Shekaranjiya muka fara kwashe ɓaraguzan ni da Sani. Na kama wani falle na siminti daga saman ƙofa, faɗinsa kamar faifai biyu, na birkice shi don in jefa a amalanke. Sai na tsaya. Zanenka yana bayansa. Ranar da aka shafa simintin yana ɗanye ya shiga kowane lungu na aikinka, ya bushe da shi. Inda ka nutsa yatsa, nan ya taso. Layi uku, na tsakiya ya fara a baya, bai kai 'yan'uwansa tudu ba, ga ƙusa mai tsatsa ta huda gefensa.

Na zauna a cikin taɓo na ɗora yatsuna a kai. Sani ya yi mani magana sau biyu, daga nan ya juya baya ya ba ni wuri. Ban yi kuka ranar jana'izarka ba, mutane suna ta yaba mani dauriya. Shekaranjiya na yi shi, da rana tsaka, a bakin titi, masu wucewa suna kallo.

Mun tsince duk fallen da bai farfashe ba, guda tara muka samu. Suna ɗakina, na jingina su a bango, bayansu yana kallon waje. Na sa sabon fim na ƙarar da sha biyun duka a kansu, ban bar ko ɗaya don gobe ba. Na kuma aika Yasore a nemo mani wani tsoho da aka ce ya taɓa yi maka aiki, ko zai yarda ya tayar mana da zauren da ƙasa. An ce idonsa ya yi rauni, ban sani ba ko zai iya. Ko ya iya, yatsunsa cikakku ne.

Ka yafe mani, Baba. Na so in hutar da kai ne, sai na rufe maka aiki kana raye kana kallo, ka kuma ci gaba da tsaron 'ya'yana daga abin da na yi da hannuna. Yau ba ta bakin Gwaggo zan aiko ba, da bakina nake faɗa maka: ina ƙaunarka, kuma kai ne da gaskiya.

Allah ya jiƙanka, ya gafarta maka, ya haskaka kabarinka. Yadda ka rufa wa mutane asiri da ɗakuna a duniya, Allah ya gina maka gida a Aljanna wanda ba ya bukatar yaɓe. Ya haɗa mu a ƙofarsa, ka dube ni ka kira ni da sunana ko sau ɗaya ne. Amin.

Wassalam.

Naka har abada,
Yaron nan.