Kilo Huɗun Kader

Greensboro, 5 ga Satumba

Zuwa ga matata Zakiya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da Amal da su Hajiya. Yaya ƙafar Baba?

Kin daɗe kina yi wa jirgin saman nan namu na jami'a dariya, mai feda kamar keke, ba inji. To, mun gama haɗa shi, saura matuƙi, ni kuma aka ɗora wa nemowa. Ana son mai ƙarfin ƙafa wanda bai wuce kilo sittin ba. Ni da tumbin nan, ko kusa.

Na samo Kader, ɗan Maraɗi da muke masallaci ɗaya, kullum a keke yake zuwa aiki daga Glenwood. A keken gwaji ya kere 'yan tseren makaranta kaf. Sai dai kilonsa sittin da huɗu. Na ce masa huɗu ai ba komai ba ne, ya rage kawai.

Ki gaida kowa.

Mijinki,
Uzairu

24 ga Oktoba

Zakiya tawa,

Bayan gaisuwa, da fatan kuna lafiya. Na yi abin kunya, ke kaɗai zan iya gaya wa.

Kader ya kama azumin Litinin da Alhamis, sauran ranakun ma sai ganye da ruwa. A masallaci ana ta yabon ibadarsa, ni ina sunkuyar da kai. Nauyi ya tafi, ƙarfi ya bi shi. Mako uku ina ganin yana ja baya a keken gwaji, na yi gum, don kada farfesan da ke shugabantar aikin ya ce ban iya zaɓe ba. Jiya aka ba wani ɗalibi, Josiah, kujerar matuƙin. Asabar zai tashi da jirgin a garin Summerfield. Kader kuwa tuni mahaifiyarsa ta gayyaci maƙwabta a Maraɗi su kalle shi ta waya.

Yau da la'asar na je na gaya masa komai, har shirun da na yi. Na so ya zage ni. Sai ya kira mahaifiyarsa ya miƙo mini wayar, wai tunda ni na ɗauko shi, ni zan yi bayani.

Kafin in buɗe baki ta fara sa mini albarka. Da na gaya mata, ko zancen jirgi ba ta yi ba. Ta ce ta ga ya rame a hoto, in dubi Allah in riƙa lura mata ko yana cin abinci, tunda ni ne babban yayansa a can. Na ce to.

Ki sa ni a addu'a.

Naki,
Uzairu