Dalilin da Ya Sa Nafi'u Ya Zauna a Motar Baya

Gubaira, Riyad.

Zuwa ga yayata Delu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ƙaninki Isufu ne ke miƙo gaisuwa, da fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da Malam Salisu da yara. Yaya ƙafar Inna? An ce mini har yanzu ta ƙi zuwa asibitin Tasawa, wai man zafi ya ishe ta. Ki matsa mata, ke kaɗai take jin maganarki. Allah ya ba ta lafiya, ya ƙara mana haƙurin rashin ƙaninmu Nafi'u, ya haskaka kabarinsa. Ni jikina lafiya lau, aiki ma ana taɓawa.

Za ki yi mamakin ganin takarda alhali kowace Juma'a muna waya. Wata huɗu ke nan ina kiranki da niyyar faɗa miki wata magana, sai bakina ya ƙi, in ƙare da tambayar zafi da lafiyar awaki. Shi ya sa na rubuta, na ba Basiru maƙwabcinmu da zai taho gida. Abin da na gaya muku ranar rasuwar gaskiya ne, hatsari ne a hanya. Amma ban faɗi yadda aka yi Nafi'u ya zauna a inda ya zauna ba, kuma wannan ne ke cin raina.

Kin san ni da shi kafilinmu ɗaya, wato maigidan da ya ɗauko mu aiki, Abu Sultan. Ni ina masa walda a shagonsa na Gubaira, Nafi'u yana tuƙa iyalinsa. Mutumin yana da wata ƙatuwar mota da suke kira karafan, wadda ke da gadaje da kicin da banɗaki a ciki, gida ne sukutum a kan taya. Da sanyi ya shigo sai su kwashe ta su tafi daji su kwana cikin rairayi. Mu mun gudo daga daji, su kuma da gidajensu masu sanyi suna gudu zuwa can. Nafi'u ba ya gajiya da yi musu dariya a kan wannan.

A bana sai Abu Sultan ya so ya tafi da komai a tafiya ɗaya. Yana so karafan ta ja ƙaramar motarsa a baya, kuma a ɗora babur ɗinsa mai nauyi a tsakaninsu. Ƙarfen ja ɗaya ne tak a ƙarƙashin bayan karafan. Ya ce in ƙara masa tsawo, in yi wa babur gadon ƙarfe a sama, sandar jan mota kuma ta fito ta ƙasa. Ina dubawa na san abin bai yi ba. Babur zai danna ƙasa, mota za ta ja baya, duk a kan gaɓa ɗaya, kamar mace mai tulu a ka yaro kuma yana jan zanenta. Ga bayan karafan da tsawo, ko ƙaramin tudu ta taka sai ya yi sama ya dawo da ƙarfi. Na faɗa masa sau ɗaya, a hankali. Ya ce ma fi mushkila, wai ba matsala, in ba zan iya ba akwai wani mai walda a unguwar Utaiƙa. Delu, kin san halina tun ina yaro, a ce mini ba zan iya ba ya fi mini mari ciwo. Shekara goma sha ɗaya ina cika baki cewa waldata ba ta taɓa ɓallewa ba. Na ɗauki kayan aiki na yi, na ninka ƙarfe, na shafa baƙin fenti, abin ya fito gwanin kyau. Kowa ya yaba, ni kuwa na san bai yi ba.

Ranar tafiya da hantsi muka ɗaure babur da igiyoyi huɗu, muka haɗa motar. Iyalin sun riga sun yi gaba a wata mota. Abu Sultan ne zai tuƙa karafan da kansa, ni da Nafi'u mu zauna a ciki. Irin wannan sandar ja ba ta bukatar kowa a motar baya, ba kamar jan mota da igiya a gida ba, inda dole wani ya riƙe sitiyari. Nafi'u har ya tuɓe takalmi ya miƙe a kan kujera mai laushi, yana cewa yau shi ma balarabe ne. Ni na tashe shi. Na ja shi gefe na ce ya shiga motar baya ya sa wa babur ido, in ya ga yana rawa ya danna mini hon. Ya yi dariya ya ce ashe yau malam mai walda ya ɗauki mai gadi. Sai ya dubi fuskata sosai, dariyar ta tsaya, ya ce, “Yaya, akwai matsala ne?” Na ce masa, “Babu komai.” Ya ɗauki fulas ɗin shayinsa ya shiga. Abu Sultan ya ɗauka al'adarmu ce ta gida, ya tayar da mota.

Mun wuce Dir'iyya da kamar rabin awa, a wani wuri da ake gyaran hanya, na ji hon. Sau biyu ya danna, Delu, ya yi abin da na sa shi. Kafin in buɗe baki in ce a tsaya, karafan ta taka tudu, na ji ƙara a baya. Gaɓar da na yi ce ta tsage. Babur da gadonsa suka faɗa ta gilashin gaban motar, motar ta kwance ta gangara gefen hanya. Da na isa ya riga ya cika. Ni na yi masa wanka, ni na sa shi a kabari, sauran kun sani.

'Yan sanda sun rubuta hatsari. Abu Sultan ya yi kuka kamar ɗan'uwansa ne, yana cewa laifinsa ne da ya matsa. 'Yan garinmu da ke nan suka ce Nafi'u ne ya zaɓi zama a baya don ya riƙe sitiyari, na ji su ban gyara musu ba. Na san kwanansa ne ya ƙare, ban yi jayayya da hukuncin Allah ba. Amma na san aikina bai da ƙarfi, kuma maimakon in sunkuyar da kai in ce na kasa, sai na sa ɗan'uwana a gabansa.

Abin da ya fi ƙona ni shi ne saƙon muryar Inna. Kowane mako sai ta sa an ɗauko mata, tana sa mini albarka, wai na riƙe ƙanina a raye na kuma rufa masa asiri a mace, in taho gida ni kaɗai na rage mata namiji. Ba na iya sauraro har ƙarshe. Albarkar nan ba ta san wanda take sa wa ba, ni kuma ba zan zo in durƙusa a gabanta in karɓa da ƙarya a bakina ba. Don Allah ki zaunar da ita ki karanta mata takardar nan duka, kada tausayina ya sa ki tsallake ko layi ɗaya. In ta ji ta ce in zo, jirgin farko zan hau. In ta yi shiru, kada ki gyara mini, ki ce mini ta yi shiru.

Ki gaishe da Malam Salisu, da Kawu Bashir, da Sahadatu da jaririnta, da Hajar in ta zo daga Damagaram. Rahina matar Nafi'u kuwa, kada ki ce ina gaishe ta tukuna. Bari ta fara jin abin da na yi, sannan ta ga ko za ta amsa.

Wassalam. Ƙaninki,
Isufu