Baba da Littafi a Juye

Yaya Isuhu,

Gaisuwa mai yawa daga Buza. Ina gajiya, ina iyali, yaya zaman Abijan?

Kowa lafiya, sai Baba. Likita a Madawa ya ce idanunshi sun tafi ke nan. Mutumin da ya saba muna da karanta shafi guda kullum bayan la'asar, ko ranar girbi! Jiya na iske shi bisa tabarma, ya buɗe littafi a juye. Da ya ji motsina ya ce, "Hadiza, kin yi naki na yau?" Na karɓa na karanta mishi.

Ka sa shi a addu'a, ka gaida Rabi da yara. Kafin ka kira shi, ka karanta naka. Zai tambaye ka.

Ƙanwarka,
Hadiza