Ɗan Fari a Tseren Duniya

Wurno, ran Laraba

Zuwa ga Yaya Zubaida,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina ruwa? Da fatan mutanen Goronyo duk suna lahiya.

Bayan haka, barka, tunda ke aka yi ma ita. Matan da sunka dawo kasuwar Achida sun ce gidanki ba wurin aza ƙafa, wai an ɗauki ɗanki cikin masu yi ma Nijeriya gudu a gasar jami'o'in duniya. Har 'yan rediyo sunka zo, ana ce maki "uwar ɗan tsere". Na ji da kunnena, Yaya. Har da cewa tun shina ƙarami akuya ba ta tsere mashi. Ikon Allah! Ni dai ran da kinka ɗauke shi yaye, ko tahiya bai ƙware ba.

Nan ma mata sun shigo yi mani barka. Mi zan ce? Ɗan fari na, kin san ko sunanai ba ni kamawa, balle in yi guɗa. Na duƙe kai ina tsintar wake, na ce ni ban san zancen ba, su tahi Goronyo. Sunka yi dariya, wai Kaltume akwai kunya. Suna yabo, ni ko raina na tafasa.

Takarda na ba Mode direba, don wayar gidan ga ta maigida Malam Abu ta, duk abin da mutum yac ce sai gida ya ji. Wai wane irin gudu na ake yi da sanda? Kuma mi shika ci can ƙasar Turawa? Ba don komi nike tambaya ba.

Ƙanwarki,
Kaltume

Goronyo, ran Juma'a

Zuwa ga ƙanwata Kaltume,

Wa alaikumus salam. Ruwa ya yi gyara, mun gode Allah. Ki gaida Malam Abu da tsohuwarsa.

Na karanta takardarki, na kuma ji ƙaiƙayin da ke ciki. Ki tuna ba sato Lawwali na yi ba. Innarmu da kanta ta ɗora mini shi a baya, kina kallo. Ni na yi jinyar ƙyandarsa, ni na tsaya sai da ya shiga jami'a. In 'yan rediyo sun kira ni uwa, ai ba su yi ƙarya ba.

Gudun da kike tambaya na mutum huɗu ne. Kowa ya zaga filin sai ya miƙa wa na gaba 'yar sanda, kuma Lawwali ne na ƙarshe, don ya fi su wuta. Sun tsallake zagayen farko, saura na ƙarshe ran Lahadi ta sama. Abinci kuwa ya ce babu laifi, sai dai ba yaji. Na sa masa ƙuli da garin yaji a jaka.

Na sa an kafa rumfa a ƙofar gida, za a kawo babbar talabijin. Ki zo mu kalla tare. Wannan kunya taki zamaninta ya wuce, ki ajiye ta ko na yini ɗaya ne. Ya bugo jiya, ya ce in gaida mutanen Wurno.

Yayarki,
Zubaida

Wurno, ran Litinin

Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa. "Mutanen Wurno"! To, mutanen Wurno suna amsawa. Ni da mai kanti da liman duk ɗaya ke nan. Amma ba laihinai ba na. Wa ya taɓa koya mashi ya ce mani Inna, balle ya ce a gaishe ni?

Zuwa kam ba ni zuwa. Surukata na nan da ranta da idonta. In tashi in ce zan tahi kallon ɗan fari shina gudu da gajeren wando? Kahin in kai tasha an kai labarina har garin Marnona. Ke malamar makaranta ta, kina iya ajiye kunya kamar mayafi. Ni da ita anka san ni.

Zagayen farkon da kike ba ni labari, ai na ji shi. Malam da abokanai sun taru a zaure kan waya, ni ina bayan bango da ludayi a hannu. Turancin ban gane ba, sai sunan ƙasarmu, sai kuma sunan yaron ga da baturen ke murɗewa. Da zaure ya ɗauki ihu, wallahi sai ludayin ya kuɓuce mani. Na cusa bakin zane a baki don kar murya ta hita. Tuwo ya kama, tsohuwa ta yi ta faɗa, da ta ga hawayena na ce hayaƙi na ya shiga mani ido.

An gwada mani hotonki kin ɗinka riga kore da fari, mata na kewaye da ke. Ta yi maki kyau. Ina jin haushi, Yaya, ba ni ɓoye maki. Ni na yi naƙudar da har anka hidda rai da ni a garin Magarya, ke kuma ke ka shan guɗa. In ya ciwo lambar yabon, ki rataye ta ɗakinki, ba ni son ganinta. Ki dai ce ya riƙa karanta Ayatul Kursiyyu kahin ya shiga fili. Kar ki ce ni na ce.

Kaltume

Goronyo, ran Asabar

Kaltume,

Sallama. Ki yi haƙuri, yau ba ni da bakin doguwar gaisuwa.

Na san kin ji abin da ya faru ran Lahadi. Muna na biyu a tseren, rumfa ta cika har kan titi, kowa a tsaye. Na ukun ya iso, Lawwali ya miƙa hannu, sandar ta taɓa yatsunsa ta faɗi. Kafin ya duƙa ya ɗauka duk sun wuce. Haka ya zaga filin shi kaɗai a baya. Mutane suka watse ba ko sallama, shinkafar da na dafa sai maƙwabta na rarraba wa. Yanzu a waya zaginsa ake yi, wai ya kunyata ƙasa, har da waɗanda suka zauna a kujeruna.

Tun ranar bai ɗauki wayata ba. Na tura saƙo ya fi a ƙirga, na ce kar ya damu, na ce ya faɗa mini yadda aka yi, ko zufa ce, ko wancan ne bai miƙa daidai ba. Shiru. Da na ji sun sauka ƙasa na gyara ɗakinsa, na yanka kaza. Na buga wa yayanmu Abdulƙadiri a Rabah, ya ce bai gan shi ba.

Sai ɗazu Mode yake ce mini shi ya ɗauko Lawwali daga Sakkwato shekaranjiya, yaron ya ja hula ya rufe fuska, da suka zo Wurno ya ce a sauke shi. Gaskiya ne, Kaltume? Yana gidanki kika yi shiru? Me kika ba shi da ban ba shi ba? Ke da ko sunansa ba ki kira! Ni ba ni da wani sai shi, kin sani. Ki turo mini ɗana.

Zubaida

Wurno, ran Lahadi

Yaya,

Amin wa alaikumus salam. Shina nan, lahiya lau.

Da la'asar yas shigo, ya durƙusa bakin ƙofa ya gaishe ni. Na amsa ina duban bango, yadda na saba. Na dama hura na tura mashi, ya shanye. Ban tambaye shi komi ba, don ban taɓa tambayar shi komi ba. Tun ranar nan ɗakina shika wuni, ina sussukar gero shina zaune, ba mai cewa kanzil. Jiya ya karɓi taɓarya a hannuna.

Ban kira shi ba, Yaya, kuma ba ni korar shi. Ɗanki na, kowa ya sani, har rediyo. Zai taho.

Amma kin riƙe shi tun yaye. Ki ara mani shi har Juma'a.

Ki huta lahiya.

Ƙanwarki,
Kaltume